Ledar Dubiya

Duk mai sayar da kayan marmari a bakin asibitin nan na wajen Gyadi-Gyadi ya san Malama Nafisa, kuma babu ɗaya da yake farin cikin ganinta. Ranakun da ba makaranta, da hantsi, za ka hango ta ta sauko daga a-daidaita-sahu, doguwar mace siririya da hijabi ruwan toka da tabarau mai kaurin gilashi, ta zo ta coge kusa da teburin Auwalu mai ayaba kamar an ɗauke ta aikin. Ba saye ya kawo ta ba. Jira take ka karɓi ledarka ka juya, ta sha gabanka.

"Bawan Allah, wa za ka dubo?"

In ka ce mai jego ce, ko wani ne babur ya kayar, sai ta ce Allah ya ba da lafiya, ta ba ka hanya. In kuwa tsautsayi ya sa ka ce mai ciwon ƙoda ne, to ka jawo wa kanka. Nan take za ta sa hannu ta buɗe ledar a gaban jama'a, ta zaro nonon ayabar ta ɗaga sama, ta tambaye ka ko gaba kake yi da mara lafiyar. Za ta ce ka kai masa sabulu, ka kai masa addu'a, in kuma dole sai ka riƙe wani abin ci to ka tambayi likitansa tukuna. Manyan alhazai masu babbar riga sun sha kunya a wurin nan.

"Haba Malama!" in ji Auwalu, kusan kullum. "Don girman Allah ki bar mu mu ci abinci. Sai kin kore min masu saye?"

"Sayar da ayabarka, Auwalu, wa ya riƙe maka hannu? Ka sayar wa mai jego, ka sayar wa mai zazzaɓi. Wannan dai ba za ta shiga ɗakin masu wankin ƙoda ba ina tsaye."

A bayan idonta suna kiran ta Malama Hana-Ayaba. Wasu kuma cewa suke tun da mijinta ya rasu ta ɗan taɓu. Ƙarya suke yi mata. Hankalinta ya fi na masu faɗar. Fushi ne kawai ya yi mata yawa, ba ta kuma da inda za ta sauke shi sai nan.

A Gyadi-Gyadi aka haife ta. Mahaifinta, Malam Zakariyya, maigadi ne a wata ma'aikata, mutum mai taurin kai wanda ba a taɓa jin ya buɗe ƙofa don an ɗaure masa fuska ba. Ya taɓa tsare surukin shugaban ma'aikatar a waje, cikin rana, har sai da aka sauko daga bene aka shaida shi. Nafisa ta gado shi sak: tsayin, da muryar, da rashin iya lanƙwasa magana. Tun tana 'yar firamare uwarta take kukan cewa bakin nan sai ya hana ta miji. Malam Zakariyya kuwa dariya yake, ya ce a bar masa 'yarsa ta yi karatu. Ta yi, ta kammala kwalejin horon malamai, aka tura ta koyar da Bayoloji a wata sakandaren 'yan mata a Tarauni, kuma tana nan har yanzu.

Darasin da ta fi so shi ne wanda 'yan matan suka fi hamma a cikinsa. Takan shigo aji da dankalin Turawa a jaka, da ƙullin gishiri, da kofuna biyu. Ta yanka dankalin siri-siri, ta jefa rabi a ruwan famfo, rabi a ruwan gishiri, ta ajiye a taga. Kafin a tashi, na ruwan famfo ya yi ƙiƙam, in ka lanƙwasa shi sai ya karye. Na ruwan gishiri kuwa ya yi laƙwas kamar tsohon silifa.

"Wa ya tsotse masa ruwa?" Haka take tambaya, tana kaɗa yankin dankalin a gaban hancin wadda ta fi gyangyaɗi. "Ku da kuke yanka kokwamba ku barbaɗa gishiri, kuna ganin ruwa ya taru a gindin kwano, ba wadda ta taɓa tambaya daga ina ya fito?"

Sai ta ɗauki alli. Jikin dankali, da jikin akuya, da jikin mutum, duk ƙananan ƙwayoyin halitta ne aka jera, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya a lulluɓe take da tantani, wanda ya fi na cikin ɓawon ƙwai sirantaka nesa ba kusa ba. Duk abin da zai shiga ƙwayar, ko ya fita, sai ya bi ta tantanin nan. Ruwa yana ratsa shi ya nufi ɓangaren da gishiri ya fi yawa, shi ya sa dankalin ya yi laushi. Wasu abubuwan da kansu suke silalewa daga inda suka yi cunkoso zuwa inda suka yi ƙaranci. Wasu sai an buɗe musu ƙofarsu ta musamman. Wasu kuma sai ƙwayar ta kashe ƙarfinta ta tura su inda ba sa son zuwa, kamar ɗan ga-ruwa yana tura kura a hawa.

"Tantani maigadi ne," takan ce, ubanta yana faɗo mata a rai. "Ba ya jin kunyar kowa. Abin da bai kamata ya shiga ba, ba zai shiga ba, ko daga hannun wa ya fito."

'Yan matan su rubuta saboda jarrabawa, su manta da shi kafin su kai bakin get.

Bakin nata bai hana ta miji ba. Sai dai Allah ya haɗa ta da wanda halinsu ya yi hannun riga. Maje direba ne a wata ma'aikatar jiha, ɗan wani ƙauye a ƙasar Bunkure da ya shigo birni tun da ƙuruciya. Kunya ta yi masa katutu. Irin mutumin nan ne da in mai shayi ya yi kuskure ya zuba masa gishiri a maimakon sukari, zai shanye, ya ce an gode. Uwarsa ta rasu yana goye, yayarta ce ta ɗauke shi ta shayar da shi tare da ɗanta Ƙasimu. Ita kowa yake kira Inna. Har Maje ya yi furfura bai taɓa gaishe ta a tsaye ba, bai kuma taɓa ɗaga ido ya kalli tsakiyar fuskarta ba.

Suka zauna a Unguwar Gano, suka haifi 'ya ɗaya, Ummi, suka aurar da ita. Duk wani faɗa da gidan yake buƙata Nafisa ce take yin sa, da mai gyaran famfo, da maƙwabcin da ya turo musu kwata. Shi nasa bai wuce ya leƙo ya ce, "Malama, a yi haƙuri." Malama yake ce mata, ita kuma Baban Ummi. Tana son sa ƙwarai, kuma babu wanda ya kai shi iya ba ta haushi.

Hawan jini ya daɗe yana cin sa a ɓoye. Ba ya shan magani sai kansa ya yi ciwo. Da ƙafafunsa suka fara kumbura sai ya ce zaman mota ne, ya koma sa silifa. Sai da fuska ta hau, amai ya ƙi tsayawa, sannan ta tisa shi a gaba zuwa asibiti. Likita ya ce ƙodojin duka biyu sun gaza, sai dai wanki, kuma babu fashi.

Ranar wankin farko ta zauna kusa da injin tana kallon jinin mijinta yana fita ta siririyar roba, ya shiga wani ɗan bututu, ya komo. Ta tambayi nas me ke cikin bututun. Nas ɗin ta ce ƙananan zare ne na tantani, jini yana bi ta ciki, ruwan wanki yana bi ta waje, dattin jinin yana tsallakawa da kansa zuwa inda babu shi. Nafisa ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Darasin dankalinta ne, wanda ake yi wa hamma, ga shi yau shi yake riƙe da ran Baban Ummi.

Likitan ya zaunar da su ya ja musu kunne a kan abu biyu, ruwa da wani sinadari da ake kira fotasiyam. Ruwa, tun da fitsari ya ɗauke, duk wanda ya sha a jiki zai zauna. Fotasiyam kuwa ya fi sharri. A jikin mai lafiya, ƙwayoyin halitta suna ta tura shi cikinsu, su bar ɗan kaɗan a jini, kuma da wannan bambancin na ciki da waje zuciya take bugawa. Wanda ya yi rara, ƙoda ta zubar. In babu ƙoda, sai ya taru a jini, bambancin ya ragu, zuciya ta fara tuntuɓe, ta tsaya. Ba ya sallama, ba ya ba da dogon notis. Ayaba cike take da shi, haka lemo, da dabino, da kankana in an sha da yawa, da dankali, da tumatir, da alayyafo. Nafisa ta san wannan duka, ta sha zana shi a allo. Amma ba ta taɓa jin tsoronsa ba sai ranar.

Ta mayar da kicin ɗinta aji. Ta yanka dankali siri-siri, ta jiƙa, ta tsiyaye, ta sake jiƙawa, ta tafasa a ruwa mai yawa, ta zubar da ruwan, don wuƙa da zafi su fasa tantanin, sinadarin ya fice ya bi kwata. Haka take wa ganye. Kanwa ta bar gidan, magi ya bi ta, gishiri sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ruwan sha kuwa da ɗan ƙaramin kofi take auna masa, a tsakiyar bazarar Kano, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Yakan sa ƙanƙara a baki ya tsotsa a hankali, yana bin randa da kallo. Sai ta shige kicin ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito tana masifa a kan wani abu daban.

Wannan duk ta iya da shi. Abin da ya gagare ta shi ne 'yan dubiya.

A garin nan ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Abin kunya ne. To me ake riƙowa? Ayaba, lemo, kankana, dabino. Kamar an yi taro an zauna an tsamo duk abin da zai kashe mai ciwon ƙoda, aka ce shi za a dinga kai masa. Abokan aikinsa suka zo da leda. 'Yan masallaci suka zo da leda. Dangi daga ƙauye suka zo da leda biyu-biyu. Kuma ba ajiyewa za su yi su tafi ba, a'a, sai an ɓare an miƙa masa, ana cewa daure ka ci ka samu ƙarfi.

Da farko bayani take yi, cikin ladabi, har da misalin dankali. Sai a dube ta sheƙeƙe.

"Ayaba? Ayabar da ake dama wa jariri?"

"Ruwa ma sai an auna masa? Kai, boko bai yi ba."

Mutumin da ba zai yarda a zuba wa motarsa gas a maimakon fetur ba, ko da uban wa ya kawo, shi ne zai zauna ya yi maka gardama a kan abin da jinin ɗan'uwansa zai iya ɗauka. Da ta gaji, sai ta koma tsayawa a soro. Ta amsa sallama, ta karɓi leda, ta gode, ta raba wa maƙwabta. Kafin wani lokaci labari ya zaga dangi cewa matar Maje ta hana shi ci, ta hana shi sha, ta mayar da shi kamar kara. Babu wanda ya ce ciwo ne ya ramar da shi.

Labarin ya kai ƙauye. Ƙasimu ya ɗauko Inna a mota ya kawo ta. Tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ta ga ɗan da ta goya ya zama ƙashi da fata, ta fashe da kuka. Nafisa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta karɓi ledar da hannu biyu, ta kai kicin, ta dawo da ruwa da abinci. Aka ɗan taɓa hira. Can Inna ta waiga.

"Ina ayabar da na zo da ita? A ɓare masa mana."

Nafisa ta lalubo muryarta mafi sanyi, wadda ko ita ba ta san tana da ita ba. "Inna, likita ya hana shi. Akwai wani abu a cikinta da ƙoda take fitarwa. Tasa ba ta aiki, in ya ci a jini zai zauna."

"Likita." Inna ta ajiye kofin ruwan. "Ni na shayar da yaron nan. Tun ba a san za a haife ki ba nake sa masa abinci a baki. Yau ke za ki koya min abin da zai ci?"

"Ba koya miki zan yi ba, Inna. Wallahi kashe shi za ta yi."

Ƙasimu ya miƙe tsaye.

"Ke! Inna kike gaya wa za ta kashe ɗanta?"

"Ayabar na ce, Yaya Ƙasimu, ba Inna ba."

Ta juya ta dubi Maje. Kalma ɗaya take nema daga bakinsa. Ya sunkuyar da kai yana murza yatsun ƙafa a tabarma, ya ce, "A yi haƙuri." Bai ma faɗi wa zai yi haƙurin ba. Inna ta tashi ba ta taɓa abincin ba.

Da motar ta tashi, Nafisa ta dawo ta tsaya a kansa.

"Baban Ummi, bakinka ciwo yake? Ni bare ce a wurinta, duk abin da na faɗa rashin kunya ne. Daga bakinka kaɗai za ta yarda."

"Malama, ta yaya zan dubi Inna in ce ba zan ci abin hannunta ba?"

"Ba sai ka dube ta ba! Ka sunkuyar da kan naka yadda ka saba, ka faɗa!"

Ya yi ɗan murmushin nan nasa, ya ce in sha Allahu in ta sake zuwa zai san yadda ya yi. Ta san ba zai yi ba. A duk cikin masu ba ta haushi, ranar nan shi ya fi kowa, don shi kaɗai ne ya ji bayanin likita da kunnensa.

Lokacin jarrabawa ya zo, aka sa ta tsaron aji, ba halin fashi. Ranar kuwa jajibirin wankinsa ce, lokacin da jininsa ya fi kowane lokaci datti. Ta bar masa abincinsa a rufe, da ɗan kofinsa, ta ja masa kunne, ta fita.

Ta dawo bayan azahar. Tun daga soro ta ji ƙamshin lemo. A falo ga tabarma a shimfiɗe, ga faranti cike da ɓawon ayaba, ga ƙwallayen dabino, ga ɓawon kankana an ƙwaƙule shi har fari, ƙudaje suna bi. Ga kwanon sha da sauran ruwan lemo a gindinsa. Maje yana kishingiɗe a kujera, fuskarsa a sake, irin yadda ta daɗe ba ta gan ta ba.

"Inna ce ta zo," ya ce. "Sun juya, suna so su isa gida kafin la'asar."

Ba sai an gaya mata ba. Ƙasimu ya san lokacin makaranta sarai, da gangan ya zaɓi safiya.

"Wa ya ci wannan?"

Ya kawar da kai gefe.

"Baban Ummi, wa ya ci wannan?"

"Ba ta daina miƙowa ba, Malama. Tana ɓarewa tana cewa ci, ɗana, ci, matar taka ba ta nan."

"Kai kuma ka ce mata me?"

"Na ce na gode." Ya ɗan lumshe ido. "Kuma gaskiya ina jin ƙishirwa. Na daɗe ina jin ƙishirwa."

Ta buɗe baki za ta fara, sai ya ce ƙafafunsa sun yi masa nauyi, leɓɓansa kuma kamar tururuwa tana bi. Ta cafki wuyan hannunsa. Bugun yana zuwa a hankali, ya yi kamar ya manta, ya sake zuwa. Jakarta ta faɗi. Ta fita titi ba takalmi, ta tsaya a gaban wani a-daidaita-sahu har sai da ya ci birki. Da direban da maƙwabta aka ciccibo Maje, don ƙafafun sun riga sun ƙi ɗaukar sa.

A Gyadi-Gyadi suka tarar da cunkoso. Motoci sun cushe, kowa yana danna oda, ba mai motsi. Nafisa ta leƙa ta wannan gefe ta zazzaga wa mai tifa masifa, ta leƙa ta wancan ta zazzaga wa mai bas. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san abin da yake faruwa a ƙirjin da ke jingine da kafaɗarta, daki-daki, har za ta iya zana shi. Sinadarin yana barin hanji yana shiga jini, yana taruwa a bayan tantanin kowace ƙwayar zuciya, bambancin ciki da waje yana raguwa. Sanin bai buɗe mata hanya ba. A gefen titi ga teburan kayan marmari a jere, mutane suna ta ciniki za su shiga dubiya.

Ya ja gefen hijabinta.

"Malama, bar faɗan nan ki saurare ni. Kada ki gaya wa Inna."

"Wallahi sai na gaya mata! Har ƙauyen zan je, a gaban kowa!"

"Tsohuwa ce. Ba za ta iya ɗauka ba." Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Yau ta yi dariya. Tun da na kwanta ban ga dariyarta ba. Ki yi min alkawari."

"Ka yi shiru ka adana ƙarfinka."

"Ki yi min alkawari."

Ta yi masa, don kawai ya daina magana. A ranta tana cewa bari ya tashi, da shi da alkawarin duk za su gamu da ita.

Ma'aikatan asibiti suka karɓe shi da gudu. Tun daga bakin ƙofa take ɗaga murya tana faɗa musu abin da ya ci, suka kuwa gane nan take, suka yi iya yinsu. Zuciyar ta tsaya kafin a kai ga ɗora shi a inji.

Ranar zaman makoki tsakar gida ta cika da mata. Nafisa tana zaune a kan tabarma, Ummi a gefenta, tana amsa gaisuwa da ka. Sai ga Inna an riƙo ta, idanunta sun kumbura. Mata suka matsa. Tsohuwar ta zauna dab da ita, ta kamo hannunta ta riƙe, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo Nafisa gidan.

"'Yar nan, abin da ya wuce ya wuce. Na yafe miki, ke ma ki yafe min." Ta share hawaye da gefen mayafi. "Abu ɗaya nake gode wa Allah a kai. Bai tafi da yunwa ba. Da hannun nan na fara ba shi abinci, da shi kuma na ba shi na ƙarshe. Ya ci ya ƙoshi, har yana lashe yatsa. Ba don Allah ya kawo ni ranar ba, da haka zai tafi da baƙin cikin ƙishirwa."

Mata suka ɗauki kabbara. Wata ta ce ikon Allah, rabo ne ya kira ta.

Maganar ta taso wa Nafisa tun daga ciki, ta cika mata ƙirji, ta zo maƙogwaro. Tana da ita a shirye, kalma bayan kalma. Ita ce fa 'yar Malam Zakariyya, wadda ba a taɓa rufe wa baki ba. Ta dubi hannun da ke riƙe da nata, duk ya yamushe. Ta tuna yadda aka ja gefen hijabinta a cikin cunkoso.

"Allah ya ba da lada, Inna," ta ce.

Ba ta taɓa haɗiye abu mai ɗaci kamar wannan ba, kuma har yau bai wuce mata ba. Ba ta jayayya da ajali, ta san kwanan Baban Ummi ne ya ƙare. Amma ta san sababin, ta ga ɓawonsa a faranti. Tana fushi da Ƙasimu, tana fushi da 'yan dubiya, tana fushi da mamacin da ya ɗaure ta da alkawari ya tafi ya bar ta da shi. Inna tana nan da ranta. Duk kaka sai ta aiko mata da gero da daddawa, kuma duk wanda ya je gaishe ta sai ta ba shi labarin yadda ta ciyar da ɗanta ranar ƙarshe.

Da Nafisa ta fita takaba ta koma aji, da dankalinta da gishirinta. Asabar ɗin farko kuma ta hau a-daidaita-sahu ta sauka a bakin asibiti, ta tsaya kusa da teburin Auwalu. Abin da aka hana ta gaya wa mutum ɗaya, shi take gaya wa duk wanda ya riƙo leda. Ba ta raga wa mai babbar riga, ba ta raga wa mai kaki.

Auwalu ne ya lura da wani abu, don shi ya fi kowa kallon ta. Ya ce mutum iri ɗaya ne kawai Malama ba ta iya ɗaga wa murya. In tsohuwa ce ta zo, ta kunce bakin zane ta sayi ayaba, aka tambaye ta ta ce ɗanta za ta dubo a ɗakin wankin ƙoda, to ba a jin masifa ranar. Sai Malama ta durƙusa a gabanta, nan cikin ƙasa da ɓawon lemo, ta kama ledar da hannu biyu ta ƙi saki, hawaye yana bin ƙasan tabarau.

"Inna, don Allah ki bar ta a nan," take cewa. "Inna, ki saurare ni. Ki bar ta a nan."